Faifan da Kaka Ta Shanya

Ina buɗe gwangwanin faifan fim ɗin wani tsami ya bugi hancina, irin na kunun da ya kwana biyu a rufe. Nan take gabana ya faɗi, don mahaifiyata ce a ciki.

Kawu ne ya sayi na'urar ɗaukar fim a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa a tashar Owendo. Da ita ya ɗauki bikin sunan ƙanwata, wata uku kafin mahaifiyarmu ta rasu. Lokacin ina da shekara huɗu. Ba ta son hoto, ko ɗaya ba ta bari ba. Faifan nan kaɗai ya shammace ta.

Duk ranar Sallah kawu yakan rufe shagonsa na unguwar Nombakélé da rana tsaka, ya rataya farin zanen gado, mu hau buhunan shinkafa. Yana haska fim ɗin sai ga mahaifiyarmu ta fito daga madafi da faranti, ta waiwayo, ta yi dariya, ta ja mayafi. Iyakarta ke nan. Mu yi ta ihu a maimaita.

Kaka ce mai ajiyar faifan. Kun dai san damshin garin nan, har takalmi fumfuna yake yi. Da ruwa ya ɗauke sai ta shanya zannuwanta, ta warware faifan a rana tare da su, ta shafe shi da man kaɗanya, ta liƙe gwangwanin gam.

"Hajiya, wannan fa ba atamfa ba ce," in ji kawu.

"Rufe mini baki! 'Yata ce a ciki, in bar ta ta ruɓe?"

Allah sarki kaka. Haushinta nake ji, wallahi, in tuna ƙauna ce in rasa inda zan sa haushin.

Bana na kai faifan unguwar Okala, wurin wani gwani mai kwashe tsofaffin finafinai zuwa kwamfuta, hoto ɗaya bayan ɗaya. Mako biyu yana fama. Ya ceto ƙofar madafi, ya ceto farantin, ya ceto hannu mai lalle. Inda fuskar take kuwa, tabo ne ja ya narke.

Ya ce in kwantar da hankalina, injin zai iya zana ta, in dai zan faɗa masa kamanninta.

Na buɗe baki. Dogon hanci ne? Tana da wushirya? Kaka ta rasu, kawu ya rasu, babu wanda zan tambaya. Ashe duk shekarun nan ban haddace ta ba, na bar wa gwangwani.

Na ce ya ba ni hannun kawai.