Ranar da Na Zauna a Tabarmar Ɗalibaina

Ni dai koyar da yara bai taɓa burge ni ba. Da muka gama kwalejin horon malamai, abokan karatuna suka watsu makarantun firamare, ni kuwa na nufi ajin yaƙi da jahilci a Geza. Ɗalibaina mata ne: masu tallar nono da ke biyowa in sun sayar, da masu kai albasa kasuwannin bakin iyakar Benin, waɗanda suka gaji da miƙa waya a karanta musu saƙo. A wani zaure muke haɗuwa bayan La'asar.

Aikin sa-kai ne, amma da alkawari a kai. Duk ranar da ƙungiyar da ta buɗe ajin ta tashi ɗaukar malama ta dindindin, ni ce. Wanda ya yi mini alkawarin shi ne mai kula da azuzuwan yankin, aminin yayana, mutumin da tun ina ƙarama nake kira Yaya.

Sai ga labari baƙi za su zo daga birni su ga aji, kuma da abin da suka gani za a ɗauki malama. Zuwan ya faɗo tsakiyar damina, rabin matana suna gona. Dama mun saba, in baƙi za su zo sai a cika tabarma da maƙwabta, kada a ce aji ya mutu a rufe shi.

Yaya ya iso da ƙanwar matarsa, wadda ƙafarta ba ta taɓa taka zauren nan ba. Ya ja ni gefe.

"Ƙanwata, mutanen ga kawuna suke ƙirgawa. Ki zamna cikin mata aji shi cika. Ita za ta tarbe su da Turanci, in an natsu sai in gabatar da ke."

Haba! Ni Turancin nawa ina ya tafi? Amma Yaya ne ya faɗa. Na gyara mayafi na zauna.

Baƙi suka shigo. Yarinyar nan ta ɗauki allina ta yi rubutu a allona, ta ce wata ta karanta. Matana ba sa fara karatu sai na gyaɗa musu kai, duk suka juyo suna kallona. Shugabar baƙin, wata dattijuwa, ta bi idanunsu ta nuna ni.

"Ke mai shuɗin mayafi, gwada mana."

Na dubi Yaya. Wallahi wayarsa yake latsawa. In na buɗe baki na ce ni ce malamar, asirin tabarma ya tonu, a rufe wa matan nan aji. Na karanta. Zaure ya ɗauki tafi, ana ta yi wa ƙanwar matarsa sannu da ƙoƙari. Wata tsohuwa cikin masu nono ta fara cewa, "Ai ita ce…" sai Yaya ya ɗaga murya a kawo wa baƙi fura.

Kafin a yi girbi aka ɗauki ƙanwar matarsa. Ya ci amanata, kuma har yau ban yafe ba. Amma abin da ya fi ƙona mini rai ba daga bakinsa ya fito ba. Da baƙin za su shiga mota, dattijuwar nan ta riƙo hannuna da zuciya ɗaya, ta ce:

"'Yata, kada ki bar karatu. In kika dage, wata rana ke ma sai ki zama malama."