Kanal Mai Taswira, Wanda Ya Kai Mu Ƙetaren Kogi

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan nan, ina wanke hannu a ɗakin haihuwa na asibitin bariki, matar wani Saje ta leƙo ta ce, "Uwar Ɗaki, Kanal Mai Taswira ya rasu da hantsin nan." Na tsane hannuna, na nemi benci na zauna.

Ranka ya daɗe, na saba kiranka haka, kuma bakina bai koyi wani kiran ba. Ni ba soja ba ce. Ungozoma ce, shekara ashirin da shida ina karɓar 'ya'yan sojoji. Sanina da kai ya fara ne da faɗa.

A shekarar da gwamnati ta sauya manufar tsaro, ta ce a kwashe rundunoni daga manyan garuruwa a matsar da su kusa da iyaka, ofishinka aka ɗora wa zaɓen inda bataliyarmu za ta koma. Wuri biyu aka kawo. Ɗaya a bakin kwalta, ga wuta ga ruwa, kuma manya da dama can suke so. Ɗayan a ƙetaren kogi, tsakiyar ƙauyukan da 'yan bindiga suka hana noma. Ka zaɓi ƙetaren kogi.

Da labari ya iso bariki, na yafa mayafina ko izini ban nema ba. Na same ka a wani ɗan ofis mai fanka mai ƙara, taswira ta rufe bango guda, shayinka ya huce a kan tebur. Na ce, "Ranka ya daɗe, mata talatin da ɗaya gare ni masu juna biyu. In kogi ya kawo, a kan taswirar nan za su haihu?"

Ba ka yi fushi ba. Ka jawo mini kujera da kanka, ka ɗora yatsa a kan wasu ƙananan ɗigo-ɗigo. Ka ce, "Hajiya, kowane ɗigo ƙauye ne, kuma matansu ma suna haihuwa. In muka zauna a bakin kwalta, duk damina kogi zai raba mu da su wata uku. Sojan da ba zai iya isa ba, ina amfaninsa?" Sannan ka miƙo mini takarda da biro, ka ce in rubuta duk abin da matan nan ke buƙata, kada in ji kunya.

Na rubuta shafi biyu, ina zaton kwandon shara za su nufa. Ashe cikin rahotonka ka sa su, ka ƙara da cewa sojoji su tafi, amma kada a ɗaga iyali ko ɗaya sai an gama gada, rijiyar burtsatse da ɗakin haihuwa. Daga baya magatakardanka ya gaya mini cewa a hedikwata an yi maka dariya, aka ce wannan ba maganar tsaro ba ce. Ka amsa musu cewa wanda hankalinsa ke gida ba ya gadin iyaka. Sau uku ana dawo da rahoton, sau uku kana mayarwa ba ka goge layi ɗaya ba. An ce abin da ya tsayar da ƙarin girmanka ke nan. Kai dai ban taɓa jin ka faɗa ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, garin da ka ɗauke bataliyar daga cikinsa garinku ne. Kasuwar bakin bariki ta mutu, teloli da mahauta suka watse, har wasu 'yan uwanka suka daina amsa gaisuwarka. Duk da haka ba ka fasa zuwa sunansu da jana'izarsu ba. Kakan zauna a gefen tabarma, ka yi addu'a, ka tashi.

Mun ƙaura bayan wata goma sha huɗu. Wuya kam mun sha: sauro, kaɗaici, cefane sai ranar kasuwa. Amma a damina ta biyu na ga mutanen ƙauyukan nan suna dawowa da kaya a kan amalanke, suna gyaran rufin ɗakunansu. Yau rabin matan da nake karɓar haihuwarsu daga can suke zuwa, kuma kusan babu wadda ta san da kai.

Watan jiya na je gaishe ka. Ciwo ya ci jikinka, amma ka ce a zuba mini ruwa, ka tsokane ni cewa a duk aikinka ba janar ɗin da ya taɓa ba ka tsoro kamar ni. Na ce ka yafe mini tsawar da na yi maka. Ka ce, "Da ba ki yi ba, da na aika su babu asibiti."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya uwargidanka, wadda ta yi jinyarka shekara biyu ba ta gaza ba, da 'ya'yanka biyar, da ƙannenka, da tsofaffin abokan aikinka. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya cike muku wannan gurbi da alheri.

Allah Ya jiƙanka, Ranka ya daɗe. Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Yadda ka sama wa bayinSa wurin kwana cikin aminci, kai ma Ya saukar da kai a gida mafi aminci. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.