Talatar da Bitrus Ya Zauna Gaban Surukinsa

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, akwai wata Talata da har yau in na tuna ta sai in kama dariya ni kaɗai a cikin bas. Lokacin ni ne floor a wani gidan karta a gabashin Landan, wato alƙalin fili. In gardama ta tashi a tebur, mai rabon kati ya ɗaga hannu, ni zan zo in yanke. Kafin nan na raba kati a Kwatano, na yi Berut, na daɗe a jirgin ruwan 'yan shaƙatawa. Na ga Bafaranshe an cinye shi ya ɗora wa gwamnati laifi. Na ga ɗan Labanan an cinye shi ya saya wa tebur duka shayi don kada a ce ya ji zafi. Irin ta mutanenmu kuwa, ban gan ta ko'ina ba.

Gasar poka ba wuya a gane ta. Kowa ya biya kuɗin shiga iri ɗaya, a ba kowa tarin cip iri ɗaya, wato 'yan ƙwayoyin roba da ke madadin kuɗi a tebur. Wanda nasa ya ƙare ya tashi, har a rage mutum guda. Kujera kuma kwamfuta ke zaɓa, ba a canza ta don roƙo.

Wata rana wani saurayi ya ji ina waya da Hausa, ya raɓo. Sunansa Bitrus, nas ne, yana zaune a Dagenham. Ya ce a waya ya koyi wasan, yana so ya gwada na gaske, wace gasa zai shiga? Na ba shi shawarar da nake ba duk mai wasan nishaɗi: ya zaɓi wadda kuɗin shigarta ba zai hana shi barci ba, wadda ake gamawa a yini ɗaya, wadda ba a gaggauta ƙara kuɗin dolen da ake zubawa kafin rabon kati, don ya samu ya zauna ya ji daɗin abin da ya biya. Na ce ya guji Asabar, ranar kuraye ce.

Ya saurara da ladabi, sannan ya rage murya. "Kawu, duk na ji. Amma wace rana ce 'yan gida ba sa zuwa?"

Na ce Talata da rana, daga tsofaffin Turawa masu fansho sai direbobin tasi. Nan take ya yi booking.

Abin da ban faɗa masa ba, don aikinmu ba ya yarda, shi ne akwai ɗan gida guda ɗaya a Talata. Baba Dauda, dattijo a wata ikilisiya a Old Kent Road, wanda 'yan tebur suka sani da Mista David. Abin da ni kuma ban sani ba shi ne 'yarsa Saratu Bitrus yake nema, kuma Asabar ta makon ne danginsa za su kai gaisuwa. Dattijon ya riga ya zaunar da shi a falo ya tambaye shi giya, taba, caca. Bitrus ya ce ko ludo ba ya so.

Kwamfuta ba ta san surukuta ba. Ta ajiye su tebur ɗaya, suna fuskantar juna.

Daga nesa na hango Bitrus ya cire hula, ya rusuna har gwiwarsa ta kusa taɓa kafet. Baba Dauda ya zura wa silin ido kamar an rubuta wa'azin Lahadi a can. Aka fara. Duk hannun da dattijo ya shiga, wato zagayen wasa, sai Bitrus ya zubar da katinsa ya janye. Aka kawo sanwici, ya ƙi ci a gabansa. Ana nan, dattijo ya sake shiga, Bitrus ya wurga kati da gaggawa, suka juye a fili. As biyu! Katin da babu na sama da shi a farkon hannu.

Wata tsohuwa 'yar Ailan mai suna Maureen, wadda ta girme ni a karta, ta buga tebur. "Floor! Waɗannan biyun tare suke!"

A dokarmu, sassauta wa wani a gasa maguɗi ne, don cutar sauran ne. In ya tabbata, duka biyun ake kora, a hana su shigowa. Manajarmu ta zo ta tambaye ni ko sun haɗa baki. Na ce, "Madam, da sun haɗa baki da sun iya kallon juna." Na yi mata bayanin kunyar suruki. Ta ce ita surukinta ma bashin giya yake ci a wurinta. Ta ba ni lokacin hutu in gyara, in ba haka ba ta kore su.

Na ja su bayan injin kofi.

"Baba, wallahi aboki na rako," in ji Bitrus.

Na ce, "Ina abokin?"

Bitrus ya hau murza hularsa.

"Ni ma bincike na zo," in ji dattijo. "Ana cewa matasanmu na lalacewa a nan."

Na ce, "Baba Dauda, binciken nan ya daɗe fa. Kujerarka har ta san ka. Magana ɗaya ce: ko a yi wasa tsakani da Allah, ko a fitar da ku ta gaban kowa, kuma mai gadin ƙofar yau ɗan cocin matarka ne."

Dattijo ya dubi Bitrus karo na farko.

"Kai yaro, as biyu ka zubar?"

"Baba, ba zan iya cinye ka ba."

"Mutumin da ke zubar da as biyu don kunya, shi zan ba Saratu a garin nan? Hukumar unguwa ta turo maka takarda ma rusunawa za ka yi? Koma ka yi wasa kamar namiji. In ka sake tausaya mini, ka ce wa kawunnanka kada su ɓata kuɗin jirgin ƙasa ran Asabar."

Aka koma. Ba a jima ba suka haɗu a hannu ɗaya. Dattijo ya tura cip ɗinsa duka tsakiya, ya kafe yaron da irin kallon da yake yi wa mawaƙan coci in sun makara. Bitrus ya sunkuyar da kai, ya ce da Turanci, don Turanci kaɗai aka yarda a tebur, "Sorry sir. Call." Wato ya yarda ya zuba nasa a buɗe kati, aka buɗe. Dattijo ba shi da komai, da furfura kawai ya so ya tsorata shi. Maureen ta yi tafi. Baba Dauda ya ɗauki kwat ɗinsa ya fita, Bitrus kuwa ya tara cip kamar mai kwashe kayan mamaci.

Bayan mako na ji sauran labarin. Ran Asabar, a gaban dangi, uwar Saratu ta tambayi mijinta ko ya binciki halin yaron. Ya ce ya bincika da kansa, har wurin da ba kowa ke iya shiga ba, kuma yaron yana da kunya amma ba a ruɗa shi. Aka karɓi gaisuwa.

Abin da na koya shi ne, in ɗan gida ya zo neman shawarar gasa, ku faɗa masa kuɗi da tsari da lokaci, amma ku sani ba su yake aunawa ba. Idon sani yake gudu, kuma duk masu gudun hanya ɗaya suke bi. Shi ya sa da Baba Dauda ya dawo ya ja ni gefe, na saurare shi kamar kowane kwastoma.

"Malam Garba, ka sa wa yaron nan Alhamis," ya ce. "Na ba shi 'yata. Talata kam ba zan ba shi ba."