Ranar da Na Ɓoye 'Yata a Rumbu

Malam Edita, a yi mini haƙuri da rubutuna, aji uku na yi aka cire ni. Ina da shekara goma sha tara lokacin da wannan abu ya fara, ina aure a wani ƙauye kusa da Roni. Maigidana manomi ne mai 'yan shanu, muna zaune da mahaifiyarsa da nake kira Inna. Ni mace ce mai tsoro a kan yara. Ko atishawa ɗana ya yi sai na taɓa goshinsa sau goma.

Wata shekara masu allura suka zo da mota, aka tara mu a gindin tsamiya, aka jera mu. Da wani abu kamar bindiga suke harba maganin a damtsen yaro, su ce a matsa, mai bi ta zo. Babu wanda ya buɗe baki ya gaya mana abin da zai biyo baya. Bayan kamar mako guda jikin ɗana ya yi zafi, 'yan ƙuraje suka feso masa, ya ƙi abinci kwana biyu. Inna ta ce ai ga shi nan, yaro lafiyarsa lau mun kai an zuba masa ciwo da hannunmu. Ya warke, amma maganar ta zauna mini a ciki.

Da suka dawo bayan shekara biyu, ina da 'ya mace da ta fara tsayuwa. Ina jin sankira yana shela, na ɗauke ta na hau rumbun gero na shige, Inna ta rufe mu. Ina zaune cikin zafi da ƙaiƙayi, na cusa mata nono don kada ta yi kuka, har na ji tashin motar. Na fito ina murna wai na ceci 'yata.

Da bazara ƙyanda ta shigo gari, ta kama ta. Muka yi yadda aka saba, aka rufe ta a ɗaki, ba wanka, ba iska, wai don ƙurajen su fito sosai. Idanunta suka yi ja, suka manne, Inna ta ce a bari za su buɗe da kansu. Abin da na lura da shi, ita da wanta tabarma ɗaya suke kwana, moɗa ɗaya suke sha, amma ko tari bai yi ba. Sai da muka kwana tara na matsa wa maigida ya kai mu asibitin Kazaure a kan keke.

Malamin da ya duba ta ya tambaye ni ko an yi mata allura, na faɗa masa gaskiya har da zazzaɓin wanta. Ya ce jikin mutum yana da masu tsaronsa a cikin jini, allurar kuwa ciwon ne da aka karya masa ƙarfi, ake nuna musu don su gane shi. Zafin jikin da na gani su ne suke koyon faɗa, shi ya sa da ƙyandar gaske ta zo suka tare ta a jikin wanta. A jikin 'yata kuwa ƙyandar ta tarar da nata masu tsaron ba su taɓa ganin ta ba. Na ce to me ya hana a gaya mana haka tun a gindin tsamiya? Ya ce mutane da yawa ne, kuma ba mu tambaya ba. Wallahi da ba don kunya ba da na yi masa rashin kunya. Wa zai tambayi mutumin da ko fuskarka bai kalla ba?

Amma abin da ya fi ƙona mini rai a hanya na ji shi. Maigida yana tura keke ya ce ai haka shanu ma suke, in an yi musu allura sai su yi kwana biyu ba kuzari, daga baya su miƙe. Ashe ya sani. Duk shekara shi ne na farko a layin allurar shanu, ko maraƙi ɗaya ba ya bari a baya. Na ce masa to ranar da na shiga rumbu yana ina? Ya ce sha'anin yara na mata ne.

'Yata ta rayu, alhamdu lillahi, amma idon hagu ya tafi, na dama kuwa duhu-duhu take gani. Ina fushi da masu allura, ina fushi da Inna da ɗanta, amma ni na hau rumbun da ƙafata. 'Yan'uwana mata, in jikin yaro ya yi zafi bayan allura kada ku firgita, ku koma ku tambaya ko da za a harare ku. Maza kuma, abin da kuka sani a kan shanunku ku faɗa a cikin gida. Ni yanzu kullum da safe ina kallon 'yata tana lalube bangon rumbun nan kafin ta gano hanyar ɗakina.