Hanyar Keke da Dakalin Baduku

Duniya ta ga manyan taruka, inda masu mulki suka zauna suka raba ƙasashe da alƙalami. Na karanta labarinsu, har na koyar da shi a lakwal, wato makarantar boko. Amma taron da ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina shi ne wanda muka yi a ƙofar gidan mai unguwarmu a Birnin Damagaram, a shekarun fari, kan inda keke zai bi.

Lokacin ina ƙaramin mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal. Daga gida zuwa lakwal sai na ratsa wani lungu mai yashi, inda wani tsohon baduku yake zama a dakalinsa. A Birni ba a wuce dattijo a kan keke. Sai ka sauka, ka tura, ka gaisa. Da fari ya tsananta, wannan al'ada ta sami sabon aiki. Fata ta yi arha saboda dabbobi sun mutu, amma wanda bai ci ba ba ya sayen alabe. Tsohon ba shi da ɗa a kusa, kuma da ya miƙa hannu gara ya mutu. Sai masu bin lungun suka kamu da ciwon mantuwa. Mutum zai tsuguna, ya ajiye ɗan ƙullin gero a gefen dakali don ya ba da hannu, ya tashi ya manta da shi. Ba wanda ya shirya haka, ba wanda ya taɓa zancensa. Shi kuwa tsohon sai ya girgiza kai ya ce, "Yaran yanzu ba ku da kai." Da wannan rashin kai namu yake rayuwa.

Ana nan sai mai shela ya zaga, wai hukuma za ta gyara hanyar masu ƙafa da masu keke, a biya ma'aikata da dawar agaji, kuma ana son jin bakin talakawa. Wannan na ƙarshen ne ya tara jama'a, don ba mu saba ba. Wani saurayi ya zo daga Yamai da taswira, aka sa ni tafinta. Ya ce ko a gyara lungunmu, ko a fitar da sabuwar hanya ta bayan ganuwa, miƙaƙƙiya, a zuba mata jar ƙasa. Shi ta biyun ya fi so, kuma gaskiyarsa ce.

Kowa ya gane abin da ke ciki. In aka yi hanya mai kyau a waje, duk wanda ya biyo ta yashi da gangan ya zo, kuma abin da ya ajiye ya zama sadaka. Tsohon ba zai taɓa ta ba. Ga shi kuma zaune a gaba, ba halin a faɗi dalili.

Ban taɓa jin mutanen kirki sun yi ƙarya da natsuwa irin ta ranar ba. Wani tela ya ce bayan ganuwa akwai ƙaya mai cin taya. Saurayin ya ce za a share. Wani ya ce da safe rana tana dukan ido. Saurayin ya ce ai rana ɗaya ce a Damagaram. Wata mai ƙosai ta ce wurin yana da mutanen ɓoye. Na juya duka da Faransanci mai tsabta, ya rubuta aljanu a takardarsa fuska a murtuke.

Sai tsohon ya dogara sanda ya miƙe.

"Mushe, faɗa wa yaron nan hanyarsa ta fi. A yi ta waje. Na gaji da gaisuwa, ko gyangyaɗi ba a bari in yi."

A nan na san ya fi mu sanin abin da muke yi, yana so ne ya sauke mana kaya. Ga saurayin yana jiran in fassara.

Wanda ya cece mu wani Bafillace ne da fari ya cinye wa garke, ya dawo gari yana ɗauko ruwa. Tsohon jinin Barebari ne, don haka akwai wasa tsakaninsu. Daga can baya ya ɗaga murya:

"Kai bawana, zauna! Yaushe ka hau keke da za ka sa baki a zancen hanya? Ko jaki kayar da kai yake yi."

"Ji mai shanu ba shanu," in ji tsohon. "Wa ya kira ka?"

"Ni ne ubangidanka, dole in bi ta ƙofarka kullum in ga ko ka gudu. A kai ni bayan ganuwa, wa zai tsare mini dukiyata? Ita kaɗai ta rage mini."

Aka fashe da dariya, wasu suna share ido. Wasa ya hana fushi, ya kuma hana musu. Tsohon ya zauna yana gunaguni. Mai unguwa bai bari dariyar ta huce ba, ya ce masu son lungu su ɗaga hannu. Hannu ɗaya ne bai tashi ba, na tsohon. Saurayin ya tambaye ni wane dalili zai rubuta. Na ce ya rubuta inuwa.

Tsohon ya ga damina ta dawo, ya ci sabon gero, ya ci gaba da zagin mantuwarmu har Allah ya karɓi abinsa. Ranar na koyi cewa ciyar da mai yunwa abu ne mai sauƙi, ciyar da shi ba tare da an taɓa mutuncinsa ba shi ne aikin da ke bukatar unguwa guda. Na kuma koyi cewa in ka tambayi jama'a ra'ayinsu, ka saurari abin da suka ƙi faɗa.

Hanyar kuwa, ta ciki da ta waje, ba a yi ko ɗaya ba.