Hannuwan Baƙin Dutse a Darrasa

Da ban ƙunsa lalle a wancan makon ba, da Alhaji ya ga abin da idonsa kafin ya tafi? Da wannan tambayar nake kwana, da ita nake tashi, har yau ban sami mai ba ni amsa ba. Malamai sun ce in kwana ya ƙare ya ƙare, na kuma yarda, amma zuciya ba ta jin lallashi. Ni ban iya riƙe alƙalami ba, faɗa nake ana rubutawa, in kuka ya zo a dakata mini. Abin da zan faɗa kuwa, ba zan manta da shi ba har ƙasa ta rufe mini ido.

Alhaji, maigidana, direba ne a ofishin jakadancinmu a unguwar Mohandessin ta birnin Alƙahira har ya yi ritaya. Ni kuma wanki da guga nake yi a gidajen ma'aikata. A unguwar Darrasa muke zaune, cikin ɗalibanmu na gida masu karatu a jami'ar da ke kusa, suna ce masa Baba, suna ce mini Mama. A wani ƙaramin asibiti na unguwar akwai wata nas, baƙa kamar mu, 'yar Hausawan Sudan. Duk matar ɗalibin da naƙuda ta kama, ita ake nema. Ita ce tafinta, ita ce ungozoma, ita ce uwa. Ranar da zan haifi 'yata tilo, likita ya leƙo ya dubi fuskata ya ce a jira. Ita ta naɗe hannun riga, ba ta sake ni ba sai da yarinyar ta yi kuka. Da ta rasu, waɗanda suka sallace ta ba su cika sahu ɗaya ba. A bangon asibitin an jera hotunan likitoci, nata babu.

Shekara guda bayan juyin juya hali, wata rana Alhaji ya dawo daga Wustul Balad, tsakiyar birni, yana haki. Dama likita ya ce zuciyarsa ta gaji, kowa ya sani, ba mai faɗa. Ya zauna ko takalmi bai cire ba.

"Tsohuwa, kowa a garin nan ya zana mamacinsa a bango. Namu fa?"

"Wane namu kuma?"

"Nas ɗin nan. Mutum-mutuminta zan kafa a bakin titi, kowa ya gani."

Na ce, "Da fanshon naka da ba ya kai mu tsakiyar wata?"

Ya ce, "Da aljihun duk wanda ya faɗo duniya a hannunta."

Ranar Juma'a ya tara ɗalibai a ɗakinmu. Kai, ranar an yi hayaniya! Wani dogo ya miƙe ya ce, "Baba, gunki za ka kafa mana a gindin jami'a? Mu koma gida mu ce me?" Alhaji ya ce, "Zauna, ɗan nan. Lokacin da matarka take kururuwa, nassi ka jawo mata ko nas ka kira?" Ɗaki ya fashe da dariya. Sai babbansu, wani mai sanyin magana, ya ce abin da malamai suka fi tsanantawa shi ne sura mai kai da fuska. Ya tambaya ko akwai mai hotonta. Babu ko ɗaya. Aka ce to a siffanta ta. Wannan ya ce doguwa ce, wancan ya ce gajera ce. Sai wata matar ɗalibi ta ɗaga murya daga bayan labule: "Ni dai ban tuna fuskarta ba, hannunta na tuna." Duk matan muka ce, wallahi haka ne! Nan take aka tsayar da magana: hannuwa biyu za a sassaƙa, a haɗe kamar mai ɗiban ruwa, a jawo famfo ruwa ya riƙa zuba a ciki, duk mai wucewa ya sha, lada ya kai mata kabari. Dogon nan da kansa ya ce, "Khalas, shi ke nan, Baba, wannan sadaka ce mai gudana, ni zan fara bayarwa."

Daga nan muka shiga neman kuɗi, kuma ban taɓa ganin watanni masu daɗi irin waɗannan ba. Mu mata muka kafa tandar masa a saman bene. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, ɗaliban da fuul, dafaffen waken Misirawa, da burodi suka ishe su sai su yi layi har matakala, ana "Mama, ƙara yaji!" ina "Yalla, matsa, na bayanka ma mutum ne!" Matan ma'aikatan jakadanci Kiristoci suka zagaya da faranti a cocinsu suka kawo. Wata mai sayar da ganye, Bamisiriya, ta kwance bakin gyalenta ta juye mini abin da ke ciki, ta ce ita ma nas ɗin ta karɓi haihuwarta. Mai ginin da ke kallon asibitin ya ce a kafa a jikin bangonsa, ruwan ma shi zai biya. Alhaji kuwa ya koma yaro. Sai ya manta da magani, ina binsa da shi har bakin ƙofa.

Muka je wajen wani tsohon masassaƙin dutse a bayan tsohuwar unguwa. Ya nuna mana farin dutse, ya ce ya fi araha, ya fi saurin aiki. Alhaji ya girgiza kai. "Da ranta an ƙi ganinta don baƙa ce, yanzu kuma mu mu farar da ita? Baƙin dutse na Aswan nake so." Masassaƙin ya ce tamam, wato ya yarda, amma yana bukatar hannun da zai kwaikwaya. Alhaji bai ko yi shawara da ni ba, ya zaro hannuna daga mayafi ya nuna masa, ya ce, "Ga na matata. Mako mai zuwa."

Nan ne na yi wautata. Hannuna fa za a kafa a titin Alƙahira! Na dube su, sai kunya ta kama ni. Sabulu ya cinye su, duk kanta da faso, shi ya sa kullum a cikin mayafi nake ɓoye su. Na ce ba za a yi wa mijina dariya ba. Na samo dutsen goge kaushi na yi ta dirza, na yi ta shafa man kaɗanya, na ƙunsa lalle sau uku kamar amarya, har zobe na aro. Ranar zuwa na miƙa su ina taƙama. Masassaƙin ya juya su, ya shafa tafin, ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri Hajiya, waɗannan ba su ne na gani wancan makon ba." Alhaji ya dafe kai.

"Tsohuwa! Kin goge abin da muka zo nema!"

"To da kaushi za a kafa ni a bainar jama'a?"

"Ita nas ɗin da hannun amarya ta ciro 'yarki? Na zaɓi naki ne don irin nata ne."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Masassaƙin ya ce in koma wanki, mu dawo bayan wata guda. Wata guda! A lokacin dariya muka yi ta yi a hanya. Ban san abin da na ɗauke masa ba.

Na koma wanki da ƙarfina, har kayan maƙwabta nake karɓa kyauta. Da wata ya cika, kanta ta dawo, faso ya buɗe. Masassaƙin ya kwaɓa wani farin gari kamar kunu ya zuba mini a hannu, ya ce kada in motsa. Abin yana ɗumi yana ƙanƙamewa, hancina yana ƙaiƙayi, Alhaji yana sosa mini yana tsokana: "Yau dai na samu kin tsaya wuri ɗaya." Wannan ce fitarsa ta ƙarshe da ƙafarsa.

Dutsen ya iso, aka shiga sassaƙa, shi kuma ya kwanta. Kullum ɗalibai suna zuwa da labari: an fitar da yatsu, an jawo famfo, saura goge. Yana jin su yana murmushi. Saura kwana tara a buɗe, Allah ya karɓi abinsa. Kwana tara, jama'a, ni kuwa wata guda na ɓata.

Ni ma ban ga buɗewar ba, ina cikin takaba. Daga ɗaki na jiyo guɗar mata da kabbarar ɗalibai. Sai da na fita takaba na lallaɓa na je. Ga su nan a jikin bango, baƙaƙe sitik suna sheƙi, da kowane faso nawa, har karkataccen ɗan yatsana. An rubuta sunan nas ɗin a sama, aka karanta mini. Wani mai turin amalanke ya tsaya, ya sunkuya ya sha, ya shafa ruwan a fuska ya ce Allah ya jiƙan mai hannun nan. Na tsaya ina kuka ina cewa amin, don na san su biyu addu'ar za ta samu, nas ɗin da Alhaji.

Abin da na koya shi ne, abin da mutum yake ɓoyewa don kunya, sau da yawa shi ne mafi darajar abin da yake da shi. Tun daga ranar ban ƙara sa hannuna cikin mayafi ba.

Ranar da zai tafi, bayan la'asar, ya ce ƙishi yake ji. Na kawo ruwa a kofi na tallafo kansa. Ya kau da baki, ya dubi hannuna, ya yi ɗan murmushin nan nasa.

"Ajiye kofin, Tsohuwa, ba ni a tafinki. Mutane su sha a na dutse, ni na sha a na gaskiya."