Muryar Kawu a Bakin Tekun Kwatano

Mun tashi daga Gaya ta bakin iyakar Benin ana sallame sallar asuba, ni da kawuna, ƙanin mahaifiyata, kowa a bayan kabu-kabunsa, muka nufi bakin gulbi. Gada na rufe, don haka kwale-kwale ne ya ƙetarar da mu Malanbil, tsakanin buhunan albasa da wani babur da aka kwantar kamar mara lafiya. Kawu basarke ne, masunci, a kan ruwan nan ya yi furfura. Tun da muka shiga yake gyara wa matuƙin tuƙi, har mutumin ya ce, "Baba, ko za ka karɓa ne?" Da na ƙyale shi, da ya karɓa.

Ga abin da ya fitar da mu. Ni sana'ata sono ce, ina ba da hayar bafil, wato lasifika, da makirfo wajen buki da suna. Bara na tarar da Kawu yana ɗinkin taru yana wata waƙa da Dendanci, yaren yankinmu, na ɗauka da waya, na sa a intanet. Wata dije a Kwatano, cikin masu haɗa kiɗa da na'ura, ta ji, ta nemi izini, ta ɗora muryar a kan kiɗanta. Da bikin kiɗan na'ura da suke yi a bakin teku ya ƙarato, ta aiko mana da gayyata da tikitin mota. Kawu ya yi kwana uku yana juya maganar. Mutum ne da yanzu sahun farko ba ya wuce shi a masallaci. Daga baya ya kira ni ya ce, "Zan je in ji da kunnena. In na tarar an mai da ni abin wasa, ko gaban mutum dubu ne sai na karɓe muryata."

Hanyar doguwa ce. Daga Malanbil zuwa Kandi gonakin auduga ne dama da hagu, manyan motoci kuma sun ci gefen kwalta. A Paraku muka ci sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen cuku, jaka guda ta sefa kowane kwano, Kawu ya ce tun da muka bar gida yanzu ya ga dalilin tafiyar. Daga Dasa ƙasa ta canza: duwatsu, kwakwar manja, mata jere da ledojin garin rogo. Abarbar da ake yanka mana da tsada a Gaya, a nan uku ake tura maka ta taga da kuɗin guda. Mun isa Kwatano da dare, muka kwana a masaukin da aka kama mana, washegari da hantsi 'yan babur masu riga ruwan ɗorawa, waɗanda suke kira zemijan, suka kai mu filin bikin.

Kafin komai Kawu ya tsaya ya kalli teku. Ya daɗe. Ya ɗebo ruwan ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce ruwan da ba shi da ƙetare ba abin amincewa ba ne.

Ni kuwa bafil na tsaya kallo. An jera su sama da ƙasa kamar bene, wasu ma a rataye. Babu ƙugi, babu ƙara, wayoyi duk a rufe cikin roba, kowace da lambarta. Wani injiniya yana zagaya rairayi da ɗan allo a hannu, yana saurare yana gyarawa, don wanda ke can baya ya ji daidai da na gaba. Na tuna wayoyina na gida da na ɗaure da ƙyallen leda.

Dijen ta taho da gudu, 'yar siririya mai gajeren gashi. Ta durƙusa wa Kawu har ƙasa, ta ce "Papa", ta ja mu bayan na'urarta don mu ji kafin mutane su zo. Faransanci take yi, ni nake fassara. Ta taɓa wani maɓalli, ƙasa ta fara bugawa a ƙarƙashin ƙafafunmu, sai ga muryar Kawu ta fito, tsaf, har da ƙaiƙayin maƙogwaronsa. Na juya in yi masa murmushi, na ga fuskarsa ta ɗaure.

"Tambaye ta," in ji shi, "ta san abin da waƙar ke cewa?"

Ba ta sani ba. Abin kunyar shi ne, ni ma da nake jin Dendanci ban sani ba. Na ji dai ana maganar jirgin da ya dawo gaɓa shi kaɗai, na ɗauka waƙar masunta ce irin ta kowa. A nan Kawu ya gaya mana shi ya yi ta, domin yayansa da ruwa ya ci shekarar wata babbar ambaliya, tun ba a haife ni ba. Jirgin aka gani. Shi ba a gan shi ba har yau.

Na fassara da ƙyar. Ta cire abin kunnenta ta ajiye. Ta ce a gaya wa Papa ya yafe mata, za ta cire waƙar, ko da kuwa ita ce wadda mutane suka fi jira a wajenta. Ba ta roƙa ba, ba ta yi ciniki ba. Ina jin wannan ne ya sauko da Kawu. Ya zauna a kan wani akwati, ya ja carbi, mu kuma muna tsaye kamar masu jiran hukunci.

Can ya ce, "Yayana bai taɓa jin ganga ya zauna ba. Su yi rawarsu. Amma waƙar ba ta ƙare a nan ba, akwai addu'a a ƙarshenta. A sa ta, kuma ban da kiɗa."

Addu'ar ba ta cikin abin da na ɗauka, don ni na katse da na ga ya yi tsawo. Dijen ta dube ni, ta dubi makirfo, ta dubi Kawu. Ya gane ba sai na fassara ba.

Bayan azahar aka buɗe ƙofa. Ban taɓa ganin taro mai yawan iri haka ba: 'yan Benin, 'yan Togo, 'yan Gana, 'yan Legas, da Turawa da rana ta mai da su ja. Shigar wasu ta sa Kawu ya ƙare yinin yana nazarin takalmansa. Amma gaskiya a faɗe ta, ban ga faɗa ko ɗaya ba. Wanda ya taka ka zai dafa ƙirji. Masu shan abinsu suna gefensu, mu aka kawo mana ruwan kwakwa. Wani mai gadi ɗan Zugu, inda su ma yaren suke yi, ya ji muna Dendanci, ya rungume mu kamar 'yan ɗakinsu, ya shimfiɗa mana kwali bayan tanti muka yi la'asar.

Kiɗan kansa sai da na ba shi lokaci. Da farko kamar injin niƙa ne da ya ƙi tsayawa. Daga baya na fara jin aikin: yadda ake janye ganga a bar mutane a rataye, a ƙara musu ƙishi, sannan a sako ta gaba ɗaya, filin ya tashi sama kamar mutum guda. Makaɗan kalangu na garinmu sun san wannan dabarar, su dai da hannu suke yi.

Rana ta yi ja a kan teku lokacin da dijenmu ta hau. Da muryar Kawu ta fito, sai na ji mutane suna bin ta da baki, suna karya Dendancin yadda suka ga dama, suna tsalle. Sannan ta zare kiɗan ɗaya bayan ɗaya har ya mutu. Ta faɗi jimla biyu, da Faransanci da Turanci, ta wanene waƙar. Kawu ya fito da farar rigarsa, ya riƙe makirfo nesa da baki kamar zai cije shi, na hau na matso masa da shi. Ya yi addu'ar. Ya kai ta har ƙarshe. Filin ya yi tsit har ana jin teku. Wata mata kusa da matakala tana share ido, alhali ba ta ji kalma ko ɗaya ba.

Da ya sauko ya ce mini, "Mu je, magariba ta yi." Ba mu tsaya ganin sauran ba.

Kwana biyu bayan haka muka ƙetaro gida. Tafiyar ta koya mini gyaran waya da jera bafil, ta kuma koya mini abin da ya fi su: ban sake ɗaukar muryar kowa ba sai na zauna na tambaye shi ta wa ce, kuma sai ya kai ƙarshe nake kashewa.

Kawu bai wuce gidansa ba. Ya ce in raka shi wajen matar marigayin, wadda ke zaune da 'yarta a Bengu. Na kunna mata hoton bidiyon bikin a waya. Ta riƙe ta kusa da ido, ta kalla har ƙarshe.

"Duk waɗannan sun san shi?"

Kawu ya ce a'a.

"Sun ce amin?"

"Ba su iya ba, Yaya. Shiru suka yi."

Ta miƙo mini wayar, ta gyara mayafinta. "Ba mu samu gawar da za mu tara masa mutane ba," in ji ta. "To, ga shi an tara."